Tarin Fuka Da Ƙwayar Da Ba Ta Jin Magani

Babu garin da ba a san tarin fuka ba a ƙasarmu. Daga Dutse zuwa Kiyawa, daga Jahun zuwa Birnin Kudu da Gwaram, in ka tambayi dattawa za su lissafa maka mutanen da suka sani waɗanda ya ɗauke. Waɗansu suna kiransa tarin tibi. Mutum ya kan fara da ɗan tari kamar na mura. Mako biyu ya wuce, tarin bai tafi ba. Sai zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma, gumi ya jiƙa masa riga da dare ko da a cikin hunturu ne, abinci ya fita ransa, ya yi ta ramewa har wandonsa ya yi masa yawa. Wani ma har ya ga jini a cikin kakinsa.

A da, in an ga haka sai a ce sammu ne, ko a ce gado ne a gidan su wane, ko kuwa a ce ya haɗiyi gashin kyanwa. Yanzu an san asalinsa. Wata ƙwayar cuta ce 'yar mitsitsiya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta, ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci ran 24 ga Maris, 1882. Shi ya sa har yau a ke tunawa da wannan cuta a duniya duka ran 24 ga Maris na kowace shekara.

Ƙwayar nan a iska ta ke tafiya. In mai ita ya yi tari, ko atishawa, ko ya ɗaga murya, sai ta fito daga huhunsa ta tsaya a iskar ɗaki, wanda ke kusa ya shaƙa. Gaisawa da hannu ba ta kawo ta. Abin da ta ke so shi ne ɗaki mai duhu, mai ƙaramar taga, wanda mutane da yawa ke kwana a ciki an toshe ko'ina saboda sanyi. Kun ga dalilin da ya sa ta kan bi mutanen gida ɗaya, har a zaci gado ne. Ba kowa ne ya shaƙe ta zai kwanta ba. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ya taɓa shaƙarta, amma jikin yawancinsu ya kan danne ta, ta yi lamo. Cikin goma, ɗaya ne ko ƙasa da haka ta kan tashi masa. Yunwa na tashe ta, haka ciwon suga, da ƙanjamau, da shan taba.

Yawan Masu Ciwon A Nijeriya

To, yanzu bari mu yi ɗan lissafi, tun da mun koyi lissafi.

Shekara da shekaru ana ta ƙiyasi, ba a san ainihin yawan masu tarin fuka a Nijeriya ba. Sai a 2012 Gwamnati ta tura ma'aikata suka shiga garuruwa da ƙauyuka da aka zaɓa a ko'ina cikin ƙasa, suka ɗauki hoton ƙirjin mutane, suka auna kakinsu, da mai tari da marar tari. Aka sami mutum 524 cikin kowane baligi 100,000 suna ɗauke da ciwon a huhu. Watau kusan mutum ɗaya ke nan cikin 200. Maza sun ninka mata. Wannan ya fi abin da a ke zato nesa ba kusa ba, kuma yawancin waɗanda aka samu ba sa shan kowane magani, suna nan suna kai da kawowa a kasuwa da masallaci da mota.

Bayan wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shekaru tana ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum 219 cikin 100,000 na mutanen Nijeriya ne ke kamuwa. In muka rage shi yadda zai shiga kai, mutum biyu ke nan da ɗoriya cikin dubu. Garin da ke da mutum 5,000 sai ya sa ran mutum goma sha ɗaya a shekara. Wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, wani gari ya fi haka, wani bai kai ba. Amma da ya ke jama'a na ƙaruwa, jimlar masu kamuwa ma tana ƙaruwa: kamar 440,000 a 2019, kusan 500,000 a 2023. A wannan shekara ta 2023 babu ƙasar da ta kai mu yawan masu tarin fuka a Afirka, a duniya kuwa mu ne na shida. Indiya ce ta ɗaya.

Ga kuma lissafi na biyu, na waɗanda aka gano aka rubuta sunansu a littafin asibiti. A 2019 kamar 120,000 ne. A 2020 suka zama 138,000. A 2021 suka kai 207,000, a 2022 suka kai 285,000, a 2023 suka wuce 360,000.

Wanda ya ji wannan a rediyo sai gabansa ya faɗi, ya ce ciwon ya ninka uku cikin shekara huɗu. A'a, ba haka ba ne. Ku gwada lissafin farko da na biyu. A 2019, cikin masu ciwon huɗu ɗaya kaɗai aka gano, uku suna gida suna tari. A 2023 an gano kusan uku cikin huɗu. Watau nema aka ƙara. Kamar mai gona ne da ya daɗe bai leƙa rumbunsa ba, ran da ya shiga da fitila ya ga ɓeraye. Fitilar ba ita ta kawo su ba. Abin da aka yi shi ne, aka sa ma'aikata a ƙofar asibiti suna tambayar duk wanda ya zo, ko da ciwon ƙafa ya kawo shi, ko yana tari. Aka shiga unguwanni da na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Aka jawo asibitocin kuɗi da masu kemis cikin aikin, don su riƙa tura masu dogon tari wurin awo. Har a 2020, shekarar korona, da yawancin ƙasashe lissafinsu ya faɗi, na Nijeriya hawa ya yi. Wannan abin a yaba ne, mun kuwa yaba.

Duk da haka, ku ɗebe 360,000 daga 500,000 ku ga saura. Mutum fiye da 100,000 ke nan a shekara guda waɗanda ba a gano ba. Mai tarin fuka da ba ya shan magani yana iya sa wa mutum goma ko fiye a shekara, kuma kusan rabin waɗanda ba su sami magani ba ciwon ne ajalinsu. Waɗannan da ba a gano ba, ba a wata ƙasa su ke ba. Waninsu yana sayar da hatsi a kasuwar Shuwarin, wani yana cikin motar Kano tare da mu.

Yadda Ƙwaya Ke Zama Mai Taurin Kai

Wannan shi ne babban abin da mu ke so mu fahimta, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Kafin 1944 babu maganin da ke kashe ƙwayar tarin fuka. A Turai sai dai a kai mutum wani gida a kan dutse, a ba shi abinci mai kyau, ya kwanta ya sha iska, in Allah ya yi da sauran kwana ya tashi. Sai aka sami wata allura a Amurka, sunanta siteraftomaisin. Likitocin Ingila suka gwada ta, suka buga sakamakon a 1948. Sun ba mutum 55 allurar, mutum 52 kuwa aka bar su da kwanciya kawai irin ta da. Bayan wata shida, huɗu ne suka mutu cikin masu allura, sha huɗu cikin marasa allura. Murna ta tashi. Amma murnar ba ta daɗe ba. Da aka auna kakin mutum 41 daga cikin masu allurar, sai aka tarar 35 ƙwayarsu ta daina jin allurar sam. Bayan shekara biyar, da aka sake ƙirga waɗanda suka mutu, ɓangarorin biyu sun kusa zama ɗaya.

Me ya faru? Ga bayaninsa. Huhun mai tarin fuka ya kan yi rami, a ramin nan kuwa a kan sami ƙwaya har miliyan ɗari ko fiye. Ba duka su ke daidai ba. Cikin kowace miliyan ɗaya, a kan sami guda wadda tun fil azal wani magani ba ya taɓa ta, haka ta fito. In aka ba mutum magani iri ɗaya tak, sai ya kashe duk masu jinsa, ya bar wannan gudar ita kaɗai da fili. Ita kuwa sai ta yi ta rabuwa biyu, kusan sau ɗaya kowace rana, 'ya'yanta duka su gado ta. Kafin 'yan watanni huhu ya sake cika, amma yanzu da irin da maganin ba ya kashewa.

Manomi ya fi kowa gane wannan. In ka yi noman firi ka bar gona ba ka koma maimai ba, ciyawar da ta tsira ita ce mai ƙarfin saiwa, kuma ka share mata wuri. Baɗi irinta za ka tarar.

Dabarar da likitoci suka samo ita ce haɗa magani. Ƙwayar da ta tsere wa na farko, na biyu zai kama ta, don da wuya ƙwarai a sami guda da ta fito ba ta jin biyun gaba ɗaya. A 1952 aka sami aisoniyazid, a shekarun 1960 aka sami rifamfisin, waɗannan biyu su ne ginshiƙai har yau. Shi ya sa maganin da a ke bayarwa a asibitocinmu iri huɗu ne aka cure a ƙwaya ɗaya. A kan sha mai iri huɗu wata biyu, sa'an nan a sha mai iri biyu wata huɗu. Wata shida ke nan cif, kullum, ba fashi. Ana auna nauyin mutum kafin a faɗa masa ƙwaya nawa zai riƙa sha. Rifamfisin ya kan mai da fitsari ja kamar ruwan goro. Wannan ba jini ba ne, kada ya tsorata kowa. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ran nan.

To, ina matsalar ta ke? Matsalar ita ce maganin yana da kyau. Mako uku ko huɗu da farawa, tari ya lafa, zazzaɓi ya tafi, mutum ya fara cin tuwo yana neman ƙari. Sai ya ga ai ya warke. A ce manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Buji, ya fara magani a watan Afrilu. Ruwa ya sauka a Yuni. Ga shuka, ga noma, ga asibiti da nisa, ga kuɗin babur. Ya ce bari ya gama firi tukuna. Ko kuwa saurayi ne ya fara da kaka, da aka gama girbi abokansa suka tashi ci-rani Legas, ya bi su, ya bar katinsa a cikin akwati. Alhali kuwa a wannan lokaci masu saurin mutuwa ne kaɗai suka mutu. Akwai waɗansu da suka lafe a lungunan huhu kamar masu barci, magani ba ya cin su sai sun motsa, su ne a ke dako har wata shida. In aka riƙa sha ana bari, yau a sha gobe a fasa, ko a rage ƙwaya don ta daɗe, ko a raba da ɗan'uwa mai tari, an buɗe wa mai taurin kai ƙofa ke nan.

Kada mu ɗora wa majinyaci laifin duka. Wani lokaci magani ne ya kan yanke a asibiti. Wani lokaci mai kemis ne ya sayar wa mutum iri ɗaya, ko na kwana goma, gwargwadon kuɗin aljihunsa. Akwai kuma jabu. Talauci ma yana ciki. Awo kyauta ne, magani kyauta ne, amma mota ba kyauta ba ce, abinci ba kyauta ba ne, aikin da mutum ya bari ma babu mai biyansa. Binciken da aka yi a 2017 ya nuna gida 71 cikin 100 na masu tarin fuka a Nijeriya, jinyar ta cinye musu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da su ke samu a shekara. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin zagin wanda ya daina zuwa karɓar magani ba.

In ƙwaya ta daina jin aisoniyazid da rifamfisin duka biyu, ita ce likitoci ke kira mai bijire wa magani. An auna yawanta a Nijeriya wajen 2010. Cikin sababbin majinyata, kusan uku cikin ɗari ne ke da ita. Cikin waɗanda suka taɓa shan magani ciwon ya dawo musu kuwa, sha huɗu cikin ɗari. Ku dubi tazarar da ke tsakanin uku da sha huɗu, ita kaɗai ta isa shaida. Amma ukun nan ma abin dubawa ne. Su ba su taɓa shan maganin ba balle su yi wasa da shi. Daga wani suka shaƙo ta a shirye. Watau wanda ya yanke maganinsa, in ƙwayarsa ta yi taurin kai, irinta zai sa wa matarsa da 'ya'yansa.

A nan ne aikinmu ya ke baya. An ƙiyasta mutum 21,000 suka kamu da irin wannan a 2018. Daga baya an rage ƙiyasin, amma ko da haka waɗanda aka gano a 2022 ba su kai 4,000 ba, kuma ba dukansu ne suka fara magani ba.

Awo Da Magani A Yau

Da, sai an shuka kaki a ɗakin awo an jira wata biyu ko uku kafin a san ko ƙwayar mutum tana jin magani, wani kafin sakamako ya fito an yi masa sutura. A ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert, aka fara kawo ta Nijeriya a 2011. Ita cikin kamar sa'a biyu za ta faɗi abu biyu: ko akwai ƙwayar tarin fuka a kaki, da kuma ko tana jin rifamfisin. Tun 2016 Gwamnati ta ce da ita za a fara auna duk wanda a ke zato. A manyan asibitoci a ke ajiye ta, irin na Dutse da na Birnin Kudu, don tana son lantarki da ɗaki mai sanyi. Amma ba lalle sai mutum ya je can da ƙafarsa ba. Ƙaramin asibiti yana iya karɓar kaki a 'yar kwalba ya aika, sakamako ya dawo. Kowace ƙaramar hukuma tana da malamin da ke kula da tarin fuka da kuturta, tun da aikin biyun hukuma ɗaya ke riƙe da shi, wadda aka kafa a 1989. Makarantar da a ke horar da malaman tana Saye, kusa da Zariya.

Maganin mai taurin kai a da azaba ne. An fara shi a Nijeriya a 2010, a asibitin koyarwa na Ibadan. Wata ashirin a ke yi ana sha, da allura kullum har wata takwas, allurar kuwa ta kurmantar da mutane da yawa. Maƙwabtanmu na Nijar suna cikin waɗanda suka fara nuna ana iya gajarta shi. Tun 2008 suka gwada na wata goma sha biyu, cikin mutum 65 na farko 58 suka warke. Daga baya aka sami sababbin magunguna na haɗiya, babbansu bedakwilin, aka yi ban kwana da allura. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani haɗi na ƙwaya huɗu wanda a ke sha wata shida kawai, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda aka gwada a kansu sun warke. Sai dai fa tuni an fara ganin ƙwayar da ba ta jin bedakwilin a waɗansu ƙasashe. Dokar nan ta 1948 ba ta canza ba. Wani abin damuwa kuma, yawancin kuɗin wannan aiki daga waje ya ke zuwa, a farkon 2025 kuwa Amurka ta rage taimakon da ta ke bai wa ƙasashe. A ganinmu lokaci ya yi da Gwamnatin Tarayya da ta Jiha za su sa hannu a aljihunsu sosai, don maganin da ya yanke wa mutum a tsakiyar jinya ya fi wanda ba a fara ba haɗari ga jama'a.

Abin Da Ke Hannunmu

Duk wanda ya yi tari mako biyu, a kai shi a auna kakinsa. Kada a tsaya ga ruwan maganin tari na kemis, yana kwantar da tari ne kawai, ƙwaya tana ciki tana aikinta. In ya taɓa shan maganin tarin fuka a da, ko na mako biyu ne, ya faɗa wa malamin asibiti, kada ya ji kunya, don da wannan za a san irin awon da za a yi masa.

In an ba shi magani, a sami mutum ɗaya a gida, wansa ko matarsa ko babban ɗansa, wanda zai riƙa miƙa masa ƙwaya kowace safiya yana kallo ya haɗiye, ya sa alama a kati. Wanda ya iya karatu a gidan shi ya fi dacewa. Za a sake auna kaki a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Malamin asibiti ne zai ce an warke. In tafiya ta kama, ci-rani ko fatauci, a gaya wa malamin tun da wuri, zai ba da takardar da za a ci gaba da karɓar magani a garin da za a, ko Kano ne ko Legas, kyauta kamar na gida. In azumi ya zo, a je a yi shawara da shi a kan lokacin sha, kada a ajiye.

Ba sai an ware masa kwano da moɗa ba, ba sai an fid da shi bayan gida ba, kuma ba dalili ba ne na sakin mace ko fasa aure. Irin wannan ƙyama ita ke sa mutane ɓoye tari. In ƙwayarsa mai jin magani ce, mako biyu da fara sha haɗarin sa wa wani ya ragu ƙwarai. Kafin nan ya riƙa rufe baki da ƙyalle in zai yi tari, ya yawaita zama a waje ƙarƙashin inuwa, a buɗe taga rana ta shiga ɗaki, kada jariri ya kwana kusa da shi.

Mutanen gidan duka a kai su a duba, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya iya fid da kaki, sau da yawa ma tarinsa ba ya da yawa, sai dai a ga ya daina girma, ya daina wasa, ko wuyansa ya yi kaluluwa. Wanda aka duba ba a sami ciwon ba, akwai maganin riga-kafi da a ke ba shi na 'yan watanni don kashe ƙwayar da ta yi lamo. Jariri kuwa a yi masa allurar BCG da zarar an haife shi, wadda ke barin ɗan tabo a dantse. An fara yin ta a Faransa tun 1921. Ba ta cika hana babba tarin huhu ba, amma tana tsare yaro daga mugun irin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Shanu ma suna da nasu tarin fukan, yana kuma shiga mutum ta ɗanyar madara, saboda haka a tafasa madara tukuna kafin a kafa nono.